Sabon Labulen Ɗakin Yaya Hadiza

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan 'yar Yaya Hadiza ba.

Yayar tawa a Dingaya take aure. Ɗanta na fari ciwon shawara ne ajalinsa, ba mu gane ba sai da aka makara. Don haka da ta sake haihuwa aka tura ni taya ta zaman jego, sai na naɗa kaina likitar gidan (takardar sakandare kaɗai ce shaidata).

Ran suna, rana ta ɗan ɗago, na shiga ɗakinta. Wallahi kamar a mafarki. Hayaƙin turaren wuta na iyo a hankali cikin wani haske mai ruwan zuma, kwanukan jere duk sun koma zinariya. Yaya ta tafi wankan jego, jaririya kaɗai ke barci a gado. Na tsaya ina kallonta, har na hango ta ta girma, ta ɗora kai a cinyata ina yi mata kitso. Sai idona ya sauka kan goshinta. Rawaya. Na ɗaga fatar idonta. Kamar garin ɗorawa.

Ban san lokacin da na sure ta ba. Ba mayafi, ba takalmi, ɗankwali ya zame a tsakar gida (kaina kuwa rabi kitso rabi tsifa). Na keta matan da ke tuƙa tuwo, na ratsa zaure, na faɗa tsakiyar maza ana rabon goro.

"Yaya Sani, tada babur! Shawara ce! Ita ma tafiya za ta yi!"

Mijin yayata ya miƙe zumbur ya nufi babur. Mahaifinsa, Baba Malam, limamin unguwar, ya ce, "Miƙo ta nan, 'yata." Ya buɗe zanen a rana. Yarinya jajir da ita, ido fari tas. Har hamma ta yi mana.

"Wallahi Baba, a ɗaki rawaya ce."

Wani tsoho ya cire rawaninsa ya miƙo mini, kansa a sunkuye. Sai lokacin na tuna kaina a buɗe yake.

Inna, surukar Yaya, ta ja hannuna har cikin ɗakin. Ta shimfiɗa farin hijabinta a gabana, shi ma ya koma rawaya.

"To, likita, ni ma a tada mini babur ɗin ne?"

Ashe sabon labule ne ruwan ɗorawa da aka sayo a kasuwar Gwaram saboda suna, aka rataya a taga, rana ta bugo ta cikinsa ta rina komai. Mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Kafin azahar an raɗa suna na biyu a gidan: Likitar Labule.

Yaya Hadiza ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da jiƙaƙƙen zaninta ta karɓi 'yarta, ta fita tsakar gida, ta daɗe tana duba idanun a rana. Sannan ta ce a sauke labulen.

Abin da na koya? Jariri a hasken rana ake duba shi, ba a ɗaki ba. In kuma gudun ya zama dole, baiwar Allah, fara ɗaukar mayafi.