Direban da Ba Ya Ɗaukar Babban Pake

Har gobe ba zan manta da ranar da na nemi a kori Baba Illo daga aiki ba. Lokacin na dawo Filinge daga Yamai da takardar shaidar koyon kwamfuta, alhali ban iya komai ba sai buga rubutu da tsara katin biki. Wata ƙungiyar agaji mai kai kaya sansanin ƴan gudun hijira na Abala ta ɗauke ni gwaji bisa sharaɗi ɗaya: in gyara musu wifi, in na kasa in kama gabana. (Ni kuwa har na fara ɗaura karabat, wato laktaye, a wuya, cikin zafin ƙasarmu ta Kurfai.)

Ciwon rezon, wato netwok ɗin, abin haushi ne. Gajeren saƙo ya wuce sumul, amma da an tura babban rahoto sai ya maƙale. Na yi ta danne-danne ina tsaki, ina gaya wa mutanen biro, wato ofishinmu, cewa abin ya fi ƙarfin kan ƴan ƙauye. Da na ga asirina zai tonu, sai na laɓe bayan ɗaki na kira Musa, injiniyan ƙungiyar a Yamai. Layin yana yankewa, amma na ji ya ce, "Direban ne. Yana da iyaka, ba ya ɗaukar babban pake. Ka rage masa girman pake, ko ka canza shi."

Direba ɗaya ne tak a biron, wato Baba Illo, dattijo mai rawani da ke kai ƙunshin kaya Abala, waɗanda kowa ke ce wa pake. Dama kullum faɗa yake an cika wa motarsa kaya. Ai sai komai ya zauna mini daram! (Kada ku tambaye ni me ya haɗa mota da wifi. Ni ma ban tambayi kaina ba.)

Na faɗa cikin taro, na gyara karabat, na dubi shugabar biro. "Madam Hadiza, na gano matsalar, Yamai ma ta tabbatar. Baba Illo ne. Ko a rage masa pake, ko a canza shi."

Baba Illo ya aje kofin shayinsa. "Ɗana, ni ka hana iskar taku wucewa? Mi niy yi maka?"

Madam ta ɗauko wayarta. Ta kira Musa, ta buɗe murya kowa ya ji. Musa ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya ce direba ɗan firogiram ne mai tuƙa katin wifi a cikin kwamfuta, pake kuma gutsattsarin bayanai ne da ake turawa. In gutsure ya wuce iyakar da direban ya yarda, zubar da shi ake yi. "A rage MTU kawai, shi ke nan."

Ni kuwa, don in ƙarasa binne kaina, na ce, "Shi MTU ɗin, a wane biro yake?"

Wallahi da ƙasa ta tsage a ranar da na gode mata. Madam da kanta ta canza lambar MTU ɗin, wato iyakar girman pake, Musa yana gaya mata inda za ta danna. Wifi ya miƙe, aikina ya tafi.

Baba Illo ne ya roƙa aka bar ni, amma a matsayin mai loda masa mota. Duk na cicciɓo kwali sai ya leƙo ta taga: "Injiniya, rage pake hwa, direba na da iyaka."

Tun daga nan, duk wanda ya ce mini direba, sai na fara tambaya: mai rawani, ko na cikin kwamfuta?