Kofur Kailani, Rumbun Asirin Gwamnati

Allah ya yi mazaje a ƙasar Zazzau, amma da aka zo kan Kofur Kailani sai aka ƙara masa da mudu guda. A shekarun da suka biyo bayan yaƙin Jamus, lokacin Tudun Wada ba ta wuce 'yan gidaje da rumfunan kasuwa a bayan ganuwa ba, shi ne ɗan dokan da aka damƙa wa unguwar. Jar dara a ka, ɗamara a ƙugu, kulki a hammata. In ya tako, kaji ma ba shi hanya suke yi. Ya je yaƙi, wannan ba ƙarya ba ne. Abin da bai cika faɗa ba shi ne akwatin kwanonin wani Bature ya ɗauka a ka, tun daga nan har Garwa, ya kuma komo da shi ko cokali bai ɓata ba.

Babbar baiwarsa ita ce riƙon asiri. Mutanen unguwa suka laƙaba masa Rumbu-ba-ƙofa, shi kuwa ya ɗauka kirari ne, har yakan gyara tsayuwa in ya ji. Ka tambaye shi yaya ya kwana, sai ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce ana bincike. Akwai ranar da akuya ta faɗa rijiyar bakin kasuwa ta mutu. Kofur ya sani tun da hantsi, amma ya yi gum don kada hankalin jama'a ya tashi. Hankalin kowa bai tashi ba kuwa. Ciki ne dai ya ruɗe wa rabin unguwa har kwana uku.

"Ku talakawa ba ku san gwamnati ba," haka yakan ce in ya sami masu saurare a gindin ceɗiya. "Gwamnati tana da ido, tana da kunne, amma bakinta ni ne, ni kuwa a rufe nake. Duk abin da kuka sani, abokan gaba sun sani. Saboda haka rashin saninku shi ne zaman lafiyarku. Ku gode mini."

Ana nan sai wasu suka yanke wayar tangaraho a hanyar Kano, suka yi gaba da ita. Kofur ya zauna ya yi tunani irin na manya. Waya dai jan ƙarfe ce. Wa ke taɓa jan ƙarfe a Tudun Wada? Sabo maƙeri, mai yi wa mata mundaye. Kafin azahar ya tisa ƙeyar Sabo zuwa gidan yari. Bai gaya masa laifinsa ba, don in mai laifi ya san laifinsa, ai bincike ya lalace.

Sabo yana da uwa, Inna Atika, tsohuwa mai sayar da daddawa, kuma shi kaɗai ya rage mata a duniya. Ta ji abin da kowa ya ji, cewa ranar Asabar za a ɗaure fursunoni a sarƙa a tafi da su aikin hanya can cikin daji, inda wasu kan tafi ba su dawo ba. Tsoro ya kama ta ƙwarai, abinci ya daina shiga. Ba ta nemi alfarma ba. So take kawai a gaya mata abin da ɗanta ya yi da ranar da ya yi shi, ta nemo shaidu.

"Inna," in ji Kofur, yana shafa kulkinsa, "tambayar nan da kika yi ma, a wata ƙasar laifi ce. Na yafe miki saboda furfura."

Ranar Litinin tana durƙushe gabansa karo na biyar, sai ga Mahmudu, masinjan Di'o Baturen mulki, daga bariki da gudu, riƙe da takarda a tsagaggen kara, an danna mata jan hatimi.

"Kofur, Di'o ya ce wannan ta Sabo ce, ya ce a yi maza a..."

Kofur ya kai hannu ya toshe masa baki. "Kul! A tsakiyar kasuwa? Kana so ƙasa ta ci wuta?" Ya karɓe takardar, ya kore shi, ya tsaya yana kallonsa har ya ɓace.

To, a nan ne aka ɗan sami cikas, wanda bai kamata a riƙe babban mutum da shi ba: Kofur bai iya karatun boko ba. Ajami ma sai ya bi da yatsa, yana gumi. Akwai Malam Istifanus, akawun bariki, gidansa bai fi jifa biyu daga kasuwa ba, da an kai masa ya karanta cikin ƙiftawar ido. Amma Kofur ya auna abin da hankalinsa. Takarda mai jan hatimi a hannun akawu? In ya karanta ai ya sani, in ya sani kuwa asiri ya zama na mutum biyu. Shi a saninsa, rubutu mai ƙarfi ba karanta shi ake yi ba, ɗinke shi ake yi.

Ya nufi rumfar Ɗantsoho baduku, ya sa aka ɗinke takardar cikin jar fata kamar laya. Ya ce lalle Ɗantsoho ya rufe ido yana ɗinki, bawan Allah ya soke yatsa sau uku. Da aka gama Kofur ya rataya ta a wuya, ta saman riga, don kowa ya ga yana ɗauke da abin da ba a gani.

Kwana huɗu yana yawo da ita, ƙirji a gaba. Kwana huɗu Inna Atika tana bin bayansa, don kunnenta ya ji sunan ɗanta daga bakin masinja, kuma ba ta san ko rai ne a cikin fatar nan ko mutuwa ba. Ta roƙa, ta yi kuka, ta haɗa shi da iyayensa. Ya ce iyayensa ma ba su da izinin sanin wannan.

Ranar Juma'a da aka sakko daga masallaci, tsohuwa ta ga saura kwana ɗaya. Ta bi dattawan unguwa ɗaya ɗaya, ta aika a kira Malam Istifanus, aka taru a gindin ceɗiya. Ba wanda ya ɗaga murya. Cewa aka yi kawai, don Allah a buɗe takardar a karanta.

Kofur ya ƙirga kawuna, ya ga sun haura hamsin. Nan take ya gane abin da ke faruwa: tawaye ne. Ya hau kan turmi.

"Jama'a, na ga abin da kuka ƙulla. Ana so a ƙwace asirin gwamnati da rana tsaka. Amma kun makara. Ni da na ga Jamus ido da ido, ba taron 'yan daddawa zai firgita ni ba. A kawo mini ruwa a ƙoƙo."

Aka kawo, ana tsammanin ƙishirwa ce. Ya zare wuƙa ya farke layar, ya juya wa jama'a baya, ya tsoma takardar cikin ruwa ya wanke, yadda ake wanke rubutu daga allo. Da ya ga tawadar Bature tana gardama, sai ya murtsuke takardar duka, ya dama, ya kafa kai. Har jan hatimin bai bari ba. Ya yi gyatsa, ya goge baki.

"Yanzu asiri ya shiga inda hannun maƙiyi ba ya kaiwa."

Inna Atika ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Daidai nan Malam Istifanus ya iso, ya dubi ƙoƙon, ya dubi farkakkiyar fata, aka ba shi labari.

"Kofur, ni na rubuta takardar nan da hannuna," ya ce. "An kama ɓarayin wayar tun ranar Lahadi. Umarni ne ka kai wa yari ya saki Sabo, sannan a yi shela a kasuwa kowa ya ji ba shi da laifi."

Wani ya ce to a sake rubuta wata mana. Akawu ya girgiza kai. Sai da sa hannun Di'o, Di'o kuwa ya fita rangadi, ba zai dawo ba sai bayan mako uku. Sarƙa kuma gobe da safe za ta tashi.

Tsohuwa ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta kama hanyar gidan yari. Jama'a suka bi ta. Kofur ma ya bi, wai don ya kiyaye doka.

Yari Mika'ilu mutum ne mai ƙa'ida, ba ya ƙari ba ya ragi. Ya saurari akawu har ƙarshe, sannan ya ce, "Na yarda da kai, Malam. Amma ni ba na sakin mutum sai takarda ta shigo ta zauna a wurina a madadinsa. In Di'o ya tambaya, ita zan nuna."

"Ranka ya daɗe, ai mun zo da ita," in ji Inna Atika. "Ga ta nan tsaye da jar dara. Mutum hamsin sun ga shigarta."

Yari ya juya ya dubi Kofur. "Da gaske tana cikinka? Dukanta?"

Da wani ne, da ya yi ta inda-inda. Amma ba a taɓa jin Kofur Kailani ya yi aiki rabi da rabi ba, kuma ba yau za a fara ba. Ya buga ƙafa, ya ƙame.

"Kaf! Ko ɗigo bai zuba ba."

"Madalla," in ji Yari. "Takarda ta iso. A shigar da ita, a fito da Sabo."

Sabo ya fito yana ƙifta ido, uwarsa ta riƙe hannunsa tana kuka tana dariya, ta ƙi saki har gida. Washegari, da yake ita ba mai riƙo ba ce, ta dama kunun tsamiya mai zafi ta kai wa Kofur. Yari ya buɗe kwanon, ya shinshina, ya mayar mata da abinta.

"Inna, kawo masa tuwo mai tauri," ya ce. "Ban da tsamiya. Takardar gwamnati ce, ba a so ta fita kafin Di'o ya dawo."