Rasuwar Tabarau Mai Hazo na Malam Sahabi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Malam Sahabi Ya'u na Batsari, mai koya wa malaman gona da na dabbobi tsara takardun wayar da kai, yana sanar da rasuwar tsohon tabarau ɗinsa. Ajali ya riske shi ranar kasuwa a bayan akori-kura, tsakanin Safana da Batsari, inda ya zame daga aljihu, buhun gero ya danne shi. Ya daɗe yana jinya. Hannunsa na hagu da zare yake ɗaure tun kafin yaƙin basasa.

Marigayin na mahaifin Malam ne, Baba Ya'u na Babban Duhu, wanda ya koyi boko da furfura a ajin yaƙi da jahilci. Ta cikinsa tsohon ya karanta wata takardar maganin shanu mai ƙananan baƙaƙe cunkushe. Layi ya hau layi, ya ba da awon bajimi ga maruƙa. Kafin la'asar sun kwanta, ba su sake tashi ba. Bai sake karanta komai ba har ya koma ga Allah.

Shi ya sa Malam bai taɓa goge hazon gilashin nan ba. Duk ɗalibin da ya buga takardarsa a tafireta yana taƙama, sai an ɗora masa marigayin a hanci, ya karanta da ƙarfi. Nan ake ganin samari masu idon shaho suna laluɓe kamar makaho a sabon ɗaki. Marigayin bai iya lacca ba, iyakar maganarsa ɗan "ƙiii" in an buɗe shi. Amma shi ya koya wa ɗalibi Mati Safana, sarkin cunkoson rubutu, barin fili a gefe, da raba layuka su sha iska, da girmama kan magana, da ware awon magani shi kaɗai a tsakiyar shafi.

Ya bar kwalinsa, da ƙyallen da bai taɓa aiki ba, da sabon aji na samari waɗanda takardarsu ta maganin tsutsa za ta shiga rugage kafin damina, babu mai tace ta. Abin da ke hana Malam cin tuwo ke nan. An kawo masa sabon tabarau daga Katsina, ya mayar: ya cika gani.

Za a naɗe marigayin a ƙyallensa, a sa shi cikin adakar Baba Ya'u ranar Juma'a bayan an sauko. Zaman makoki a gindin darbejiyar ofis, kowane ɗalibi ya zo da takardarsa. Inno, uwargidan Malam, wadda ta daɗe tana zura masa zare a allura saboda idonsa shi ma ya yi hazo, ita ta ce kada a nemi magaji. Malam da kansa zai karanta su, da idonsa tsura. Wadda ya kasa, a sake bugawa.