Kwana Goma Sha Bakwai Ina Kallon Kayan 'Yata ta Gilashin Injinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Garanti na Kamfanin Injin Wanki na Fes-Fes, mai riƙe da hatimi, uban injiniyoyin da sai an yi sa'a ake ganin fuskarsu, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa irin ta wadda ta san matsayinta, ina fata kana lafiya, iyali lafiya, kayan sawarka kuma suna shanye a igiya inda hannunka zai kai gare su. Ni ce matar nan da ta yi ta kiran ofishinku har yarinyar da ke ɗaga waya ta fara gane ni daga numfashi. Da na ga waya ba ta kai ni ko'ina ba, sai na ɗauki biro.

Ga abin da ya faru, a taƙaice, don na san lokacinka ya fi nawa daraja. Wata huɗu ke nan da na sayi injinku mai ƙofa ta gaba, da garantin shekara biyu. 'Yata ta fari ta gama karatun nas, asibiti ya kira ta aiki. Fararen kayan aikinta saiti biyu ne, mahaifinta ya ɗinka su. Tela ne, Allah ya jiƙansa, kuma su ne ɗinki na ƙarshe da ya sauke daga kan keke kafin ciwo ya kwantar da shi. Ya ce da su za ta fara aiki. Sun daɗe a akwati sun ɗauki wari, na ce bari in ɗauraye mata. Na zuba duka biyun, injin ya ɗebi ruwa, ya yi juyi uku, ya yi tsaki, ya tsaya cak. Ƙofa ta kulle, ruwa ya tsaya a rabin gilashi, wani jan rubutu ya fara ƙifta mini ido. Ranar Alhamis ce, saura kwana goma sha takwas ta fara aiki.

Ga koke-kokena, ranka ya daɗe, in ba za su ɓata maka shayi ba.

1. Mai sayarwarku. Allah ya yi masa baki. Ya nuna mini wanki iri goma sha shida, har da na ulu, ni da ban da rigar ulu ko ɗaya. Ya rantse injin ya fi hannu tausayin tufafi. Abu ɗaya ya manta, yadda ake buɗe ƙofar in ta ƙi buɗuwa. Ko a makarantarku ba a kai wannan darasin ba?

2. Littafin da ke cikin kwali. Shafi sittin da huɗu, harsuna tara, madalla da ilimi. Na sami wurin da aka rubuta abin yi idan ƙofa ta kulle. Shawara ta farko, a jira minti biyu. Na jira. Ta biyu, a duba ko akwai wuta. Jan rubutun da ke ƙifta mini ido, da gawayi yake aiki? Ta uku, a tuntuɓi ƙwararre, wato ku.

3. Wayarku. Na tuntuɓe ku. Kun sa mini kiɗa na minti ashirin, kiɗan da yanzu nake jin kaina ina rerawa a kicin ba da sona ba. Yarinyar ta ce in cire filogi in mayar. Na cire, na mayar. Washegari ma haka ta ce, jibi ma haka, har soket ɗin ya saki. Ta ce injiniya zai zo cikin awa arba'in da takwas, amma ba ta faɗi daga wace shekara za a fara ƙirga ba. Kullum kuma kafin ta ajiye waya sai ta ja mini kunne da murya mai daɗi: duk wanda ba naku ba ya taɓa injin nan, garanti ya tashi. Wannan kaɗai ne saƙon da ba ta taɓa mantawa ba.

4. Gilashin ƙofar. Wannan kam ina jinjina wa wanda ya ƙirƙiro shi, don mugunta ma fasaha ce. Da ƙarfe ne, da mun rufe ido mun bar wa Allah. Amma kun sa mana taga. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Muna kallo ruwa ya tashi daga fari ya koma ruwan toka, daga nan ya fara kore. Wari ya fito daga banɗaki ya zauna a falo, baƙi suka daina daɗewa. Kowace safiya, kafin ta sha shayi, 'yata takan tsuguna gaban injin ta leƙa. Wuyan riga ɗaya ya manne da gilashin, tana iya ganin kalmasar ubanta. Ni kuwa in tsaya bayanta in ce ta yi haƙuri, gobe za su zo. Wallahi na ji kunyar wannan goben.

5. Wannan koken a kaina yake, don kada ka ce ban da adalci. A ƙasan benenmu akwai mai gyaran firij, mutumin kirki, shekara ashirin yana sana'arsa. Tun kwana na uku ya ce in bari ya hau ya duba. Na ƙi. Na ce masa ni mai bin doka ce, ina da garanti, har na ɗauko takardar na nuna masa hatimin zinaren da ke jikinta. Ya kalle ni, ya kalli takardar, ya yi mini fatan alheri ya sauka. Ƙanwata ta ce in sa taɓarya in fasa gilashin kowa ya huta, na ce ita dama tun tana yarinya ba ta da tsari. Haka na zauna jiran gawon shanu mako biyu cur, ina gadin takardarku, ɗinkin mijina yana ruɓewa a gabana. Wawa ba shi da wani kama, ranka ya daɗe, ga ni nan.

6. Ranar Lahadi da safe, ana gobe za ta fara aiki, na sauka da kaina na roƙe shi. Ya hau, ya durƙusa, ya buɗe wani ɗan murfi a ƙasan injin, ya zaro wani siririn tiyo ya tsiyaye ruwan a roba, ya ja wata 'yar igiya. Ƙofa ta yi ƙaras ta buɗe. Ko sukudireba bai ɗauko ba, minti biyar ba su cika ba. Ya ce yawancin injina irin wannan suna da igiyar nan, don rana irin wannan aka yi ta. Yarinyar wayarku ba ta sani ba ne, ko an hana ta faɗa? Da ya kwance matatar da ke wurin, sai ga abin da ya toshe ta: farin maɓalli guda ɗaya. Maigidana bai taɓa sallamar ɗinki ba sai ya jefa rarar maɓalli ɗaya a aljihu, ko da ɗaya zai ɓalle. Shekara talatin yana yi wa mutane haka, ni kuma ranar na manta in laluba aljihun.

7. Injiniyanku ya iso ranar Talata da jaka mai kyau da takalmi mai sheƙi. Ya ga ƙofa a buɗe, ya tambayi wanda ya buɗe, na faɗa masa gaskiya. Bai ko sunkuya ba. Ya rubuta cewa garanti ya tashi saboda dalili biyu: hannun da ba na kamfani ba, da kuma baƙon abu a cikin injin. Baƙon abun shi ne maɓallin, wanda na ajiye a kan injin. Ya ɗauke shi ya jefa a 'yar leda ya ce hujja ce, za a maƙala a fayil. Kafin in haɗa kalma biyu ya kai ƙasan bene. Ashe kuna da sauri in kun ga dama.

Tunda wasiƙar nan a buɗe take, bari in yi wa masu shirin saye nasiha kyauta. Kafin ku karɓi injin, ku sa mai sayarwa ya durƙusa a gabanku ya nuna muku ɗan murfin ƙasa da igiyarsa. Ku laluba aljihu. Abin da ba ku da madadinsa, ku wanke shi da hannu. Ku kuma riƙe mai gyaran unguwarku da mutunci, shi ne zai hau bene.

Na san kana so ka ji labarin kayan, don an ce kai mai tausayi ne. Sun fito da baƙaƙen ɗigo na funfuna tun daga wuya har ƙasa. Na jiƙa, na cuɗa, na sa bilic, na shanya a rana. Da na zo matse riga ta biyu, yadin ya yage a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ɗinkin kuwa ko zare ɗaya bai saki ba. Ranar Litinin 'yata ta tafi aiki da kayan aro na ƙawarta, hannun ya yi mata gajere. Ta yi mini sallama tana murmushi, ta sauka, na ji ta tsaya a matakala ta daɗe kafin ta ci gaba.

Saboda haka ba gyara nake nema ba, ranka ya daɗe. Mai gyaran firij ya riga ya gyara, injin yana juyawa lafiya lau. Garantin ma na bar muku, ku ba wani mai haƙurin. Roƙona ɗaya ne, kuma ina yin sa a durƙushe, yadda kuka saba ganin mu: ka sa a buɗe fayil ɗina a ciro maɓallin nan a maido mini. Jiya 'yata ta tambaye ni inda yake. Shi kaɗai ya fito daga injinku yadda ubanta ya bar shi.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ka daga ƙofar da ba ta buɗuwa.

Taka mai biyayya, wadda biyayya ta gama da ita,
Matar Tela,
bene na biyu, ƙofar da ke kusa da tankin ruwa.