Hancin Dhaval da Man Shanu

"Sannu da zuwa, mai wuyan raƙumi. Kai ne angon, ko falwaya suka naɗa wa rawani?"

Haka na tari Dhaval a ƙofar rumfar biki, riƙe da farantin fitila da jan garin da ake ɗiga wa ango a goshi. A al'adarmu uwar amarya ce ke tsayawa nan ta ja hancin ango, don ya tuna roƙo ya zo yi, ba ƙwace ba. To uwar amaryarmu Kruti ta rasu yarinyar na goye, ni kakarta na raine ta, saboda haka hancin rabona ne. Kuma ina da aiki da shi. Ƙasar Asam zai tafi min da ita, can ƙarshen duniya inda ake noman shayi, danginsa kuwa in suka ɗauki amarya sai dai a riƙa jin muryarta a waya. Ni so nake duk shekara a kawo min ita Nabaratiri, bikinmu na rawa har dare tara.

"Santok-ba!" ya ce, wato Kaka Santok, ya rufe rabin fuska da hankici. "Kina ina? Murya nake ji daga ƙasa. Jama'a, a kula kada a taka kakar amarya."

"Sauke tsumman nan mu ga abin da ya rikita Kruti."

"Ai ke na so, Ba. Da na zo neman aurenki aka ce haƙoranki sun yi tafiya ba su dawo ba, shi ne na haƙura da jikar."

"Nawa aiki suka yi suka gaji. Kai mai cikakken baki, wa ya yi kuka ranar baiko a kan ɗan barkono?"

"Hayaƙin turare ne."

"Turare a cikin miya?"

Abokansa suka janye hankicin suna ihu. Sai ga hanci yana sheƙi kamar sabuwar tasa. Man shanu! Na yi ɗage na kai hannu, yatsuna suka zame, na ƙare da kama maɓallin rigarsa.

"Man da za a zuba wa wutar aure ka shafe a hanci? Shi ya sa ƙudaje suka fi danginka yawa a rakiya."

"Hancin gidanmu ba ya kamuwa, Ba. Kakana ya tsira, babana ya tsira."

"Na gani. Shi ya sa matan gidanku suka manta hanyar gidan iyayensu."

Uwarsa ta yi kamar gyaran mayafi take yi. Pandit mai ɗaura auren ya leƙo yana share gumi, wai sa'ar da taurari suka yarda da ita tana wucewa.

"Taurari su jira," na ce. "Wane aiki suke yi da rana tsaka?"

Amma gaskiyarsa ce, ga Kruti can ciki kayan ado sun danne ta. Sai na yi ajiyar zuciya, na matsa gefe.

"Shi ke nan, tsufa ya ci ni. Wuce, ɗana. Ni dai ban taɓa ganin angon da ya shiga rumfa bai taɓa ƙafar tsohuwa ya nemi albarka ba. Wataƙila a Asam ba a yi."

Ya dube ni, ya dubi uwarsa. Ta zare masa ido. Yana sunkuyowa na tsoma yatsu a jan gari, na cafke. Gari ya sha man, hanci ya zauna daram.

"Ba! Wannan ha'inci ne!" Murya kamar ta agwagwa.

"Me ka zo yi gidana?"

"Aure."

Na murɗa.

"Roƙo! Roƙo na zo yi!"

"Nabaratiri fa?"

"Ba, kin san nisan..."

Na ƙara murɗawa.

"Duk shekara! Da kaina zan kawo ta!"

"Pandit, ka ji? Ke uwarsa, kin ji?"

"Mun ji," uwar ta ce, dariya ta ƙwace mata. "Ni ma da an riƙe na babansa haka, da na ga tawa uwar kafin ta rasu."

Na saki hancin, na dafa kansa na sa masa albarka. Ya miƙe yana dariya har da hawaye, ya zaro gwangwanin man daga aljihu ya haɗa min da hankicin.

"Kin ci, matata ta fari. Ga sauran, ki shafa a gwiwa. Ranar Nabaratiri sai kin yi rawa da ni."

"In ka iya sunkuyowa."

Jan gari da man shanu ba sa fita da ruwa, haka ya zagaya wutar aure da hanci kamar tumatir, Kruti na bin sa kafaɗunta na rawa a cikin lulluɓi. Man na ba masu girki. Hankicin kuwa na riƙe abina, don da aka zo tafiya da ita ni ya yi wa amfani.