Ranar da Na Yi wa Ciyawa Ta'arifi

Shekarata ta biyu ina karanta falsafa a jami'a na je hutun damina wurin Kawu, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Ni tashin Bacirawa ne a birnin Kano, ban taɓa riƙe fartanya ba, amma hakan bai hana ni yi wa manoma lacca a gindin darbejiya ba.

Na ce musu ilimi ba ya farawa sai an raba abubuwa rukuni-rukuni, kowanne da ta'arifinsa. Na kawo misali: duk tsiron da ba ya ba da hatsi a gona, ciyawa ce.

Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "To Malam, gobe sai ka nuna mana a aikace."

Wallahi na nuna. Kafin azahar na nome lalo da karkashin da Inna, matar Kawu, take tattalinsu don miya. Sannan na tarar da wani dogon layin gamba a gefen gona, na tumɓuke shi tas, ina mamakin sakacin mutanen nan.

Ashe gambar nan ita ce iyakar Kawu da maƙwabcinsa Malam Sule tun zamanin kakanni. Sai da mai unguwa da dattawa huɗu suka wuni cikin rana, ana rantse-rantse, kafin a sake tsayar da ita. Ni kuwa ina tsugune, kaina a ƙasa.

Yau shekara tara ke nan. Har yanzu duk zuwan da na yi ƙauyen, ina saukowa daga mota Malam Sule zai ɗaga murya: "Jama'a, kowa ya je ya tsare iyakarsa, Falsafa ya iso!"