Ranar da Na Shuka Kafso

Shekara shida ina fama da kumburin hanji, sai likita a Magarya ya ƙara mini wani kafso a kan maganina. Ya ce da ƙwayar inabi ake yin sa, wataƙila ya rage mini zafin ciwon.

Ƙwaya fa ya ce. Ni kuwa manomi ne ɗan manomi, ban ga dalilin hawa kabu-kabu daga garinmu Mallawa zuwa Magarya don sayen abin da ƙasa za ta ba ni ba. Ruwan shuka na sauka na binne rabin kwalbar kafson a bayan gida, uku-uku a rami, na zuba taki, na kewaye da ƙaya.

Bayan sati biyu wani abu ya tsiro. Na tara maƙwabta, ina yi musu bayanin ranar girbi. Matata Hadiza ta duƙa, ta murza ganyen, ta sansana.

"Malam, tafasa ce. Cikin takin ta zo."

Kafso ya ƙare, ciki ya tashi. Huɗubar Juma'a ma daga bayi na saurare ta.

Har yau in hadari ya haɗo, sai wani ya leƙo zaure: "Malam, bana a taimaka mana da farasitamol, ko kunya biyu ce."